Yadda ake tara kayan adon yaƙi a World of Warcraft, daga wando har kwalkwali

Duk wanda ya ɗan jima a World of Warcraft, wasan kwamfuta da jama'a ke bugawa tare ta intanet, ya san wannan takaicin. Ka sha wuya ka samo kayan da suka fi ƙarfi, ka saka, sai ka juya jaruminka ka gan shi kamar wanda ya faɗa dilar gwanjo cikin duhu ya fito da abin da hannunsa ya kama: kwalkwali kore, kafaɗu shuɗaye, wando ruwan goro, takalmi kuwa ba a magana. Ƙarfi dai akwai, kyan gani ne babu. Maganin wannan shi ne abin da 'yan wasan ke kira transmog, wato aron kamanni. Ƙarfin kayan da kake sanye da su yana nan yadda yake, amma ido yana ganin wasu kayan daban da ka zaɓa.

Kamfanin Blizzard, mai wasan, ya shigo da tsarin a faci 4.3 (faci shi ne sabuntawar da ake yi wa wasan), cikin Nuwamban 2011, shekara 7 bayan fitowar wasan. A wancan lokacin sai kayan da kansu suna cikin jakarka ko bankinka kafin ka ari kamanninsu, shi ya sa bankin tsofaffin 'yan wasa ya koma kamar ɗakin tsohuwa, ba wurin saka ƙafa. A Yulin 2016, gab da fitowar Legion, ɗaya daga cikin manyan babukan da ake ƙara wa wasan, aka kawo kundin kamanni. Da zarar kaya ya zama naka, siffarsa ta shiga kundi ke nan har abada, ko ka sayar da shi ko ka jefar. Daga nan tara kamanni ya zama wasa mai zaman kansa a cikin wasa, har akwai mutanen da ba abin da ke kawo su sai shi.

Kuskuren da na ga sababbin masu tarawa suna yi, wanda ni ma na yi, shi ne ɗaukar duk kayan a matsayin abu ɗaya. Iri biyu ne. Akwai masu jira, waɗanda ke kwance a tsofaffin gidajen yaƙi, wato wuraren da ƙungiya ke shiga ta yaƙi manyan dodanni, tun 2005 kuma ba inda za su. Akwai masu tafiya, waɗanda in wata ya ƙare ko kaka, wato zangon gasa, ta rufe, sai dai ka gan su a jikin wani. Duk tsarin da zan shimfiɗa a nan a kan wannan bambancin ya tsaya.

Buɗe kundin, ka san dokokinsa

Danna Shift da P, ka zaɓi shafin kamanni. Gida biyu ne a ciki. Na farko yana jera kaya bisa gurbi: kai, kafaɗa, alkyabba, ƙirji, wuyan hannu, safar hannu, ɗamara, wando, takalmi, sai makamai. Na biyu, wanda aka ƙara a 2017, yana nuna saiti sukutum da adadin da ka mallaka a cikinsa, misali 5 cikin 8. Ɗora linzami a kan abin da ba ka da shi, zai gaya maka sunansa da inda yake fitowa. In kana son ganin yadda kaya zai zauna a jikin jaruminka kafin ka ɓata lokaci a kansa, riƙe Ctrl ka danna shi, ɗakin gwaji zai buɗe. Kada ka raina wannan. Kafaɗar da ta yi kyau a jikin Orc mai faɗin ƙirji tana iya haɗiye Gnome gaba ɗaya.

Kayan yaƙi iri huɗu ne, kuma kowane aji, wato nau'in jarumi, da nasa. Yadi na Mage, Priest da Warlock ne. Fata ta Rogue, Druid, Monk da Demon Hunter. Sulken zobba na Hunter, Shaman da Evoker. Ƙarfe kuwa na Warrior, Paladin da Death Knight. Shekaru da yawa dokar ita ce, in kana Mage sai kwalkwalin ƙarfe ya faɗo maka, ka yi asara, kundi ba zai karɓa ba. Facin Yulin 2024, wanda ya share wa The War Within fage, ya sauya wannan. Jarumanka duka sun zama gida ɗaya da ake kira Warband, kuma kowannensu yana iya tara wa gidan kamannin yadi ko fata ko ƙarfe. Sai dai tarawa daban, sakawa daban. Mage zai tara wa Warrior ɗinka kwalkwali, amma ba zai saka shi a kansa ba.

Sai batun ɗauri, wanda shi ne ke rikita mutane. Kayan da ke ɗaurewa da kai tun lokacin da ka ɗauka, kamar yawancin ganimar bosawa, wato manyan dodannin gidajen yaƙi, suna shiga kundi nan take. Kayan da ba su ɗaurewa sai an saka, waɗanda ake iya sayarwa a gidan gwanjo, ba su shiga sai ka yarda sun ɗaure, don haka kowane ɗaya zaɓi ne: ado ko kuɗi. In irin kayan ba na ajinka ba ne, jefa shi a bankin Warband, jarumin da zai iya sakawa ya ɗauka ya saka. Akwai kuma tarko guda biyu. Abin da ka saya wurin mai shago a wasan yakan zo da wa'adin mayarwa na awa 2. Kada ka ɗauka ya zama naka har sai wa'adin ya wuce ko ka amince ya ɗaure. Haka ganimar da ka samu cikin ƙungiya: in ka miƙa wa abokin tafiya a cikin awa 2 ɗin da aka yarda, kamannin ya bi shi.

Abu na ƙarshe a nan, kundin na yanki ne. Abin da ka tara a sabar Turai ba ya bin ka zuwa ta Amurka, haka na wasan zamani ba ya haɗuwa da na Classic, tsohon zubin wasan da aka sake buɗewa. Ka tsai da shawarar inda za ka zauna tun kafin ka fara zuba makonni.

Fara da masu tafiya

A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma a wasan nan akwai shaidu. Saitunan Challenge Mode na Mists of Pandaria an rufe ƙofarsu a Oktoban 2014. Kamannin makaman Mage Tower na Legion sun tafi a Yulin 2018. Hasumiyar ta dawo daga baya, amma da wata lada daban, ba da waɗancan makaman ba. Wanda bai samu a lokacin ba, sai kallo. Don haka kafin ka taka kowane tsohon gidan yaƙi, duba abubuwan nan.

Na farko Trading Post, shagon wata-wata da aka buɗe ranar 1 ga Fabrairun 2023, ɗaya a Stormwind ɗaya a Orgrimmar. Kuɗinsa daban ne, Trader's Tender ake ce masa, ba a sayen komai a nan da zinariya. Kowane wata za ka tarar da 500 a akwati don kawai kana da rajista ka kuma shiga, sannan ka ƙara wasu 500 ta hanyar cika ayyukan Traveler's Log, waɗanda yawanci abubuwan da dama za ka yi ne. Ranar ɗaya ga wata hajar ta sauya. An yarda ka daskarar da abu guda ɗaya ya jira ka zuwa wani watan, ɗaya tak, saboda haka daskarar da mai tsadar, ka sayi masu arha yanzu. Ni ra'ayina, kada ka kashe kuɗin nan a ranar farko. Saka kowane abu a ɗakin gwaji tare da kayan da kake da su. Rabin abin da ke ƙyalli a shagon ba ya haɗuwa da komai a kundinka, zai zauna ne kawai yana cika lissafi.

Na biyu, saitin manyan mayaƙan fage. Kowace kaka ta faɗan 'yan wasa da 'yan wasa tana da saiti mai launi na musamman, wanda sai ka kai maki 1800 a gasa mai daraja kafin ka haɗa shi. Kaka na rufewa, launin ya tafi. In ba ka da sha'awar irin wannan faɗan, bar shi, ba laifi ba ne. Amma in kana da ita, wannan ya riga komai.

Na uku, bukukuwan da ke zuwa su wuce. Darkmoon Faire na buɗewa Lahadin farko ta kowane wata, ta yi mako guda, kuma da tikitinta ake sayen kwafin tsofaffin saitunan kogo na farkon wasan. Makon Timewalking, lokacin da ake sake raya tsofaffin koguna, na kawo 'yan kasuwarsa da lambobin da ake tarawa a saya. Waɗannan suna dawowa, don haka ba a ɗaga hankali a kansu. Wanda ake ɗaga hankali a kai shi ne Remix, bikin ɗan lokaci da ake sake buga wani tsohon babin wasan a cikinsa. An yi na Pandaria daga Mayun 2024, aka yi na Legion a 2025, kuma a cikinsu ana sayen saitin da zai ci wa mutum watanni da kuɗin tagulla da ke zuba kamar ruwan sama. In aka sake buɗe irinsa, ajiye duk wani shiri ka shiga.

Zaɓi saiti ɗaya, ka bi shi har gida

Yanzu masu jira. Nan ne mutane ke ɓacewa, domin kamannin dubbai ne, kuma wanda ya ce zai tara duka a tashi ɗaya ba ya wata biyu sai ya gaji. Buɗe shafin saituna, ka zaɓi guda ɗaya da zuciyarka ke so. Bari in ɗauki Judgement na Paladin misali, saitin Tier 2 (Tier lamba ce da ake jera saitunan gidajen yaƙi da ita) mai ja da baƙi da ruwan zinariya, wanda har yau in mutum ya tsaya da shi a bakin banki sai ka ce ɗan lifidin sarki ne ranar hawan Sallah. Guda 8 ne, kuma gidajen yaƙi biyu ne ke ɗauke da shi, duka a cikin dutsen Blackrock, tsakanin Searing Gorge da Burning Steppes.

Kafin ka tashi, yi shiri kaɗan. Je da jarumin da ya kai ƙololuwar mataki, ko kusa. Gidajen nan an gina su ne don mutum 40, amma yau bugu ɗaya ke kashe kowane bos. In kana cikin zamanin Chromie, wato ka sa Chromie, wata wakiliya a wasan, ta mayar da kai wani tsohon babi, koma wurinta ka fita, don kada tsofaffin wurare su riƙa daidaita ƙarfinsu da naka. Kashe War Mode, yanayin da ke ba wasu 'yan wasa damar kai maka hari, ba ka zo faɗa da kowa ba. Kunna kwasar ganima kai tsaye a cikin saituna. Zazzage jakunkunanka, domin zagaye ɗaya na cika gurbi 50 ba wasa. Sannan danna Shift da J, littafin jagora zai buɗe. Zaɓi gidan yaƙin, tace ganimar bisa ajinka, ka ga wane bos ke riƙe da me. In saitin na wani aji ne takamaimai, ni da jarumin wannan ajin nake shiga, hankalina ya fi kwanciya.

A Blackwing Lair, gidan Nefarian da aka buɗe a 2005, rabon haka yake: Razorgore na da abin wuyan hannu, Vaelastrasz ɗamara, Broodlord Lashlayer takalmi, dodannin nan uku masu fiffike, Firemaw da Ebonroc da Flamegor, safar hannu, Chromaggus kafaɗu, Nefarian kuwa rigar ƙirji da kwalkwali. Wandon ne kaɗai ba ya nan. Yana wurin Ragnaros, a ƙarshen Molten Core.

Bos na farko shi ne ke kunyata baƙo. Kada ka kashe Razorgore da shigarka. In ya mutu kafin a fasa ƙwayayen da ke ɗakin, wurin zai fashe har da kai, komai ƙarfinka. Kashe masu gadin da ke kan dandamali, danna dunƙulen sihirin da suke tsaro, jikin Razorgore zai koma hannunka, ka zagaya da shi kana fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Sai sun ƙare tas sannan ka juyo kansa. In kana da dabbar yaƙi ko wani sihiri mai dukan duk abin da ya matso, kashe shi tukuna. Bayan Vaelastrasz akwai ɗakin da tarkuna ke rage maka gudu. Ba dabara, haƙuri ne, ka yi ta tafiya. Chromaggus na bayan ƙofa, sai ka ja sandar da ke kusa ta buɗe. Nefarian kuma yana zaune a kan karaga cikin siffar mutum, sai ka yi masa magana faɗan ke farawa.

Molten Core bosawa 10 ne. Majordomo Executus, na tara, ba ya bayyana sai ka gama da na gabansa, kuma ba shi ake kashewa ba, dogaransa ake kashewa ya miƙa wuya. Daga nan ka same shi a kogon Ragnaros ka yi masa magana, ya kira ubangidansa. Tunda ka shigo, kada ka tsallake ƙananan dodannin hanya gaba ɗaya: ɗamara da abin wuyan hannu na saitin Tier 1 daga jikinsu suke faɗowa, kuma irin waɗanda ake iya sayarwa ne. Garr da Baron Geddon su ke riƙe da ɓari biyu na abin da ake haɗa takobin Thunderfury da shi, kuma tun faci 8.3 a farkon 2020 ana iya aron kamannin irin waɗannan makaman almara. Mutane na shekaru suna neman ɓari ɗaya. In ya faɗo maka a zuwan farko, tsintar dami a kala ka yi, kada ka je kana faɗa a gaban waɗanda suka daɗe.

Kowane bos sau ɗaya yake ba jarumi ganima a mako. Ƙofa na sake buɗewa safiyar Laraba a sabar Turai, ranar Talata a ta Amurka. Rubuta /raidinfo a akwatin hira ka ga inda aka kulle ka. Gidajen biyu ba sa cin fiye da minti 40 in ka san hanya, kuma ga wanda ke wasa daga ɓangarenmu na duniya, wannan aikin ya fi kowane dacewa da halin da muke ciki. Intanet mai jan ƙafa ba ya hana ka kashe abin da bugu ɗaya ke kayarwa, ba ka kuma riƙe wa abokan tafiya lokaci. In wuta ta ɗauke kana tsakiyar Molten Core, bosawan da ka kashe suna nan a mace har Laraba, ka dawo ka ɗora. Abin da kawai na koya da tsada shi ne kwashe ganima da zarar bos ya faɗi, kafin in tsaya duba waya.

Sauran kuma rabo ne. Na taɓa yin mako 11 ina zuwa wurin Chromaggus don kafaɗu, yana ba ni na kowa ban da nawa. Ba wata dabara da ke sauya sa'a. Abin da ke hannunka shi ne yawan ƙuri'a: jarumi biyu, zuwa biyu a mako, jarumi huɗu, zuwa huɗu.

Tikiti, launi da kulle: inda lissafi ke shigowa

Daga babin The Burning Crusade zuwa gaba, a yawancin gidajen yaƙi bos ba ya yar da rigar saiti kai tsaye. Tikiti yake yarwa, wanda azuzuwa uku ko huɗu ke tarayya a kai. A saitin Tier 6, tikitin Conqueror na Paladin, Priest da Warlock ne; Protector na Warrior, Hunter da Shaman; Vanquisher na Rogue, Mage da Druid. Kuma saitin a warwatse yake gida uku. A Hyjal, Azgalor ke ba da na safar hannu, Archimonde na kwalkwali. A Black Temple, Mother Shahraz na kafaɗu, majalisar Illidari na wando, Illidan Stormrage na ƙirji. Waɗannan biyar Tydormu ke karɓarsu, a mashigar Hyjal cikin Caverns of Time. Ragowar uku, wuyan hannu da ɗamara da takalmi, suna Sunwell wurin Kalecgos da Brutallus da Felmyst, kuma a tsibirin Quel'Danas ake canza su. Kada ka sayar da tikiti don ba ka gane shi ba. Karanta azuzuwan da aka rubuta a jikinsa tukuna.

Icecrown Citadel, fadar Lich King ta Disambar 2009, tsarinta ya sha bamban, kuma mutane da yawa na asarar launi a nan. Saitin Tier 10 hawa uku ne, kowane hawa da launinsa. Hawa na farko da zinariya ake saye wurin 'yan kasuwar da ke cikin fadar, ba sai ka kashe kowa ba. Na biyu sai ka ba da na farkon haɗe da Mark of Sanctification. Na uku sai ka ba da na biyun haɗe da irin alamar ta Heroic, matakin da ya fi Normal wahala. Tunda kowane canji na cinye na ƙasa da shi, tabbatar kowane hawa ya shiga kundi kafin ka miƙa shi. Kuma fadar kulle ɗaya gare ta a mako, ko mutum 10 ko 25, ko Normal ko Heroic. Danna hoton jaruminka da maɓallin dama tun kana waje, ka sa 25 Heroic, nan ne alamun iri biyu ke faɗowa kuma ganima ta fi yawa. In ka shiga da wani saitin ka kashe bos, makon ya tafi a haka.

Gidajen Legion kuwa, Nighthold da Tomb of Sargeras da Antorus, su ne aljannar mai tarawa. Matakin wahala huɗu ne, Raid Finder, Normal, Heroic da Mythic, kowanne da launinsa da kullensa daban, wato jarumi ɗaya zai iya shiga gida ɗaya sau huɗu a mako. Mythic ma wani lokacin ba launi kaɗai ke bambanta shi ba, har ƙirar kwalkwali da kafaɗu. Na Raid Finder shi ne mutane ke rasa hanyarsa, domin ba ta ƙofar gidan ake shiga ba, sai ta hannun wani wakili. Na Legion shi ne Archmage Timear a Dalaran, kusa da Violet Hold. Na Pandaria Lorewalker Han, a saman fadar Mogu'shan. Na Draenor Seer Kazal, a cikin sansaninka. Na Dragon Soul Auridormi, a Caverns of Time. Na Battle for Azeroth Kiku a Boralus ko Eppu a Dazar'alor. Na Shadowlands Ta'elfar a Oribos. Ka yi magana da su kai kaɗai, su jefa ka ciki.

Ƙananan koguna na mutum 5 dokarsu ta fi sauƙi. Na Normal kana iya fita ka sake saita shi ka koma, amma ba fiye da shiga 10 a awa ɗaya ba. Tsofaffin na Heroic sau ɗaya a rana.

Abin da kuɗi ke sayowa

Gidan gwanjo na da matatar da ke nuna abin da ba ka tara ba kaɗai. Kunna ta, jera daga mafi arha, ka kwashi na ƙasa-ƙasa. Tun faci 10.0.5 a Janairun 2023 har fararen kaya da masu ruwan toka, waɗanda da tarkace ne, suna shiga kundi, kuma wasu daga cikinsu, riguna marasa hayaniya da takalman talakawa, sun fi manyan saituna amfani wajen haɗa shiga. Amma kafin ka biya dubban ɗaruruwa a kan wani wando na zamanin farko, duba ko akwai wani kayan mai siffa iri ɗaya. Sau da yawa suna daban ne, ƙira ɗaya, launi ɗaya, ɗaya na tsada ɗaya kuma ladan wani ƙaramin aike ne da za ka gama cikin minti 10. Kundi siffa yake ƙirgawa. Farashin kayan sakawa kuma ya bambanta daga saba zuwa saba, don haka leƙa wata da ƙaramin jarumi ba asara ba ce.

Tsofaffin saitunan fage na gama-gari da Mark of Honor, lambar da ake samu a faɗan fage, ake sayensu, 12 kowane saiti cikakke. 'Yan kasuwar na Area 52 a Netherstorm, da magudanar ƙarƙashin Dalaran, da sauran wurare bisa zamani. In ba ka son karo da mutane, jira makon Comp Stomp, inda kwamfuta ake yaƙa, ka tara lambobin cikin kwanciyar hankali. A ganina babu inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu kamar nan, domin yawancin saitunan fage ƙirar na gidajen yaƙi ce da wani launi, kuma babu jiran sa'a.

Saitin Tier 3 na tsohon Naxxramas, wanda aka cire a 2008, labarinsa daban. Yakan bayyana jefi-jefi a kasuwar bayan fage ta Madam Goya, inda attajiran wasan ke kokawa a kansa, kuma tun Yulin 2023 akwai doguwar hanyar ƙera shi. Duka hanyoyin biyu na cin zinariya mai yawan gaske. Ba abin farawa ba ne.

Manhajojin ƙari guda biyu sun isa. CanIMogIt na sa alama a kan kowane kaya, ka san ko kana da siffarsa tun kafin ka saka ko ka sayar. All The Things kuwa na buɗe maka jerin duk abin da ya rage a duk inda ka tsaya. Tana da amfani, tana da haɗari. Sa ta a yanayin ƙirga siffa, ba yanayin ƙirga kowane kaya ba, in ba haka ba za ta nuna maka kashi 9 cikin 100 bayan shekarar da ka yi kana wahala, ka ji duniya ta ishe ka. Shafin Wowhead ma na da ɗakin gwaji a burauza, wanda ke aiki ko a waya, ka haɗa shiga kana zaune a cikin mota.

Sakawa

Masu sauya kamannin suna dandalin Cathedral a Stormwind da unguwar Drag a Orgrimmar, haka kowane babban birnin zamani na da nasa, kuma da zinariya ake biya. In zirga-zirgar ta dame ka, Uncle Bigpocket a Kun-Lai Summit na sayar da Grand Expedition Yak a kan zinariya 120,000, dabbar hawa mai ɗauke da mai sauya kamanni da mai gyara a bayanta. Ita ce sayayya mafi amfani da mai tarawa zai yi, domin a bakin gidan yaƙi za ka sayar da tarkace ka wuce na gaba. Lokacin gasar Trial of Style, inda mutum 6 ke fitowa dandali a zaɓi wanda ya fi iya shiga, sauya kamanni kyauta ne, don haka a makon ake gwaje-gwaje.

Kada ka ji dole sai ka saka saiti sukutum. Ana iya ɓoye kwalkwali, alkyabba, ɗamara, safar hannu da wasu guraben, kuma tun 2021 kowace kafaɗa na iya ɗaukar siffarta daban, ko a ɓoye ɗaya a bar ɗaya. Shigar da ta fi ɗaukar ido sau da yawa rigar wannan saitin ce da wandon wancan, da ɗamarar da ba wanda ya san daga ina ta fito. Warrior ɗina haka yake yawo yanzu, da kafaɗa ɗaya tsirara, domin gurbin na ajiye wa Tusks of Mannoroth ne, haurun da Garrosh Hellscream ke yarwa a ƙarshen Siege of Orgrimmar in ya ga dama. Bosawa 14 ne a gidan, shi ne na ƙarshe, kuma makon jiya ma wani abu daban ya ba ni.